Ina so in sauya kamfanin intanet na faiba a Legas: wanne zan ɗauka, kuma ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege da iyalina, gidan haya ne, hawa na biyu. Shekara ɗaya da rabi ke nan da muka ja intanet na faiba, wato wanda ake jawowa gida ta waya mai zaren gilashi. Da farko lafiya lau, amma tun da damina ta kankama sai ya ɗauke kwana uku, wani lokaci mako guda, kuma ba a mayar mana da kwanakin da suka tafi. Ina yi wa wani kamfani aikin lissafin kuɗi daga gida, maiɗakina tana sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp da Instagram, yara kuma ga karatu ga kallo. Yanzu wasu 'yan talla sun shigo layinmu da takardu, sun ce nasu ya ninka namu gudu, kuma jawowa kyauta ne. In sauya? In zan sauya, wane kamfani ya fi, kuma yaya zan yi ba tare da na tafka asara ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Mutumin da abincinsa ya rataya a kan intanet, a ɗauke masa mako guda, sannan a ƙi mayar masa da kwanakinsa, an taɓa masa aljihu ta fuska biyu, don haka ban ga laifinka ba da ka fara waige-waige. Na daɗe ina wannan sana'a a Legas, daga jan waya a kan falwaya har zuwa haɗa zare a bakin kwata da tsakar dare, kuma irin tambayarka tana yawan zuwa mini daga 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago.

Abin da zan fara gaya maka shi ne, babu kamfanin da ya fi kowa a duk faɗin Legas. Akwai dai wanda ya fi a layinku. Sunayen da za ka fi ji su ne ipNX da FiberOne da MTN, wadda ta sa wa nata suna FibreX a 2025, sai Spectranet da aka fi sani da rauta (na'urar da take raba Wi-Fi a gida) mai kama sabis ta iska amma tana da faiba a wasu unguwanni, sai kuma ƙananan kamfanoni da dama waɗanda kowanne yake riƙe da unguwa ɗaya ko biyu. Kowannensu da hanyar da wayarsa ta bi kafin ta iso ƙofarka, da yaran aikinsa, da nisan ofishinsa daga gidanka. Shi ya sa kamfanin da abokinka na Lekki yake yabo zai iya zama abin kuka a wata unguwa, kuma ɗan ƙaramin kamfanin da ba ka taɓa jin sunansa a rediyo ba zai iya fin kowa a layinku, saboda kawai mai gyaransa yana zaune titi biyu daga gidanka. A Legas, gudun da aka buga a takardar talla kowa yana iya bayarwa ranar da komai yake lafiya. Abin da kake saya da kuɗinka na haƙiƙa shi ne hanyar waya mai kyau da mutumin da zai zo in ta tsinke.

Kafin ka yi nisa da 'yan tallan nan, tabbatar abin da suke sayarwa faiba ce har cikin ɗaki. Kalmar ta zama ta kasuwa, kowa yana ɗauka. Wani zai kawo faiba zuwa ƙarfen sabis ko saman wani bene, daga can ya harbo maka ta iska zuwa wani faranti da zai kafa a rufinku, ya ce ai faiba ce. Wani ya kawo ta ƙofar gida, ya sa na'ura ɗaya, ya rarraba wa 'yan haya da wayar tagulla. Duk suna aiki daidai gwargwado, amma ba su ne abin da kake nema ba. Ta gaske siririyar waya ce wadda kaurinta bai kai na fensir ba, tana shigowa har ɗakinka, kanta yana da wani ɗan toshi kore ko shuɗi, ta shiga wani akwati mai fitilu, a cikinsu akwai biyu da aka rubuta PON da LOS. Wannan akwatin shi muke kira ONT. Ka kuma tambayi cikakken sunan kamfanin, ka duba shi a jerin masu lasisi da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, take wallafawa a shafinta. Wanda ba shi da lasisi, in ya tattara ya tafi da kuɗinka, ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Yanzu bari mu zauna a kan matsalarka, domin idan ba ka san abin da yake kashe na yanzu ba, kana iya sauya kamfani ka ɗauki ciwon ka tafi da shi sabon wuri. Abin da yake tafiya a cikin wayar nan haske ne, a cikin zaren gilashi siriri kamar gashin kai. Ruwan sama ba ya taɓa shi, tsawa ma ba ta dame shi ba. To me ya sa damina take ɗauke muku intanet? Ruwa ba ya tsami banza. A damina iska tana kayar da reshe a kan wayar da aka rataya a falwaya. Wayar da ta saki ta yi ƙasa, tirela mai ɗauke da kwantena ta zo ta yi gaba da ita. A damina ne ake fito da katafila don yashe magudanan ruwa, haƙoranta su tono wadda aka binne a gefen kwata. Ruwa yana shiga akwatin haɗi in ba a rufe shi da kyau ba, a hankali ya lalata haɗin. Ga ɓarayi masu yanka waya suna zaton tagulla ce, alhali babu ko ɗigon tagulla a ciki. Ga kuma aikin titi, wanda shi ne babban dodon wannan sana'a: NCC ta ce a 2024 kaɗai an samu tsinkewar faiba fiye da sau 50,000 a faɗin ƙasar nan, kusan 30,000 daga ciki a dalilin aikin hanya. A shekarar ce ma gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. Kai da kake Agege ba sai an ba ka labarin tono ba, tun daga gadar Pen Cinema har zuwa aikin jirgin ƙasa.

Don haka ranar da ya sake ɗaukewa, ka je ka dubi akwatin. Idan fitilar LOS ta yi ja, haske ba ya isowa, wato galibi waya ta tsinke a wani wuri. Nan take ka tambayi maƙwabtan da suke kamfani ɗaya da kai. Idan nasu yana aiki, naka ne kawai ya mutu, to matsalar tana tsakanin falwayar ƙofar gida da ɗakinka, kuma wannan ƙaramin ciwo ne: a sake jawo sabuwar waya ta hanya mai kyau, an gama. Na sha ganin wayar da ɓera ya ci a cikin silin, da wadda ƙofa take matsewa kullum in an rufe, da wadda aka lanƙwasa a kusurwar bango kamar ana naɗe igiyar shanya. Irin wannan ba ya buƙatar sauya kamfani. Idan kuwa duk layin ne ya mutu tare, to babbar waya ce, kuma a nan ne ake gane kamfanin kirki: awa nawa suke ɗauka kafin su gyara, kuma suna da wata hanya ta biyu da za su juyo da ku ko kuwa hanya ɗaya tal suke da ita. Idan kuma LOS ba ta yi ja ba, PON tana kore tsaye, amma intanet ba ya tafiya, to wayarka lafiyarta ƙalau, matsalar galibi tana can cikin gidan kamfanin, kamar a ce wanda suke sayen intanet a wajensa ya yanke.

Akwai wata tambaya da mutane ba sa yi, ni kuwa ita nake fara yi: wayar sabon kamfanin ta ina ta biyo? Idan a kan falwaya ɗaya take da ta tsohon, ta bi bakin kwata ɗaya, ta tsallaka titi a wuri ɗaya, to katafilar da ta yanke wancan ita za ta yanke wannan. Wasu ƙananan kamfanonin ma haya suke yi a wajen manya, sunan ne kawai daban. Ɗan talla ba zai san wannan ba, amma injiniyan da zai zo duba gida ya sani. Ka tare shi ka tambaye shi, ka ce ya nuna maka akwatin rabon da za a jawo maka daga ciki, ka ga nisansa da gidanka da idonka. In ya kusa, kuma wayar ba za ta tsallaka babban titi ba, alama ce mai kyau.

Batun gudu kuwa, kada lambar nan ta ruɗe ka. Tsarin da galibin kamfanoni suke amfani da shi, wanda ake kira GPON, zare ɗaya ne yake fitowa daga na'urarsu ɗauke da kimanin gigabit 2.5 na saukewa da 1.25 na turawa, sai a raba shi ga gidaje 32 ko 64. Ba kai kaɗai kake shan wannan famfon ba. Shi ya sa da hantsi yake gudu kamar iska, amma daga bayan Isha'i zuwa sha ɗaya, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna kallo, sai ya fara jan ƙafa idan kamfanin ya cika mutane fiye da abin da ya sayo. Kuma ka lura, a megabit suke talla, wayarka kuwa a megabayit take nuna maka saukewa, kuma megabit takwas ne suke yin megabayit ɗaya. Wato 50 Mbps (megabit 50 a daƙiƙa) tana sauke megabayit shida da ɗan kai a daƙiƙa guda, fayil mai gigabayit ɗaya ya sauka cikin ƙasa da minti uku. Netflix da kanta 5 Mbps take nema don hoto mai kyau, 15 kuma don mafi kyawunsa, taron bidiyo na aiki bai kai ko biyar ba. Gida irin naka, 30 zuwa 50 Mbps da suke tsaye daram sun ishe ku har da baƙi. Ɗari biyun da take zuwa tana ɗaukewa ba ta kai hamsin ɗin da ba ta motsi ba.

Abin da ya fi shafar Hajiya maiɗakinka shi ne gudun turawa, kuma shi ne ba a cika rubutawa a takardar talla ba. Bidiyon leshi mai megabayit 100, idan turawa tana 10 Mbps, minti ɗaya da daƙiƙa ashirin ya tafi. Idan 2 Mbps ce, kusan minti bakwai za ta zauna tana kallon waya, mai saye kuma ba ya jira. Kai ma da kake tura takardun lissafi kana shiga taro da bidiyo, turawar ce take riƙe ka. Ka nemi a rubuta maka lambobin biyu.

Bari in ɗan ratse, saboda wani abu da yake damuna. Na taɓa zuwa wani gida a wajen Ojo, maigidan ya sauya kamfani har sau biyu yana kukan rashin gudu. Da na jona kwamfutata da waya kai tsaye a bayan akwatin, sai ga cikakken gudun da yake biya. Ashe rautar tana cikin durowar talabijin a falo, an rufe ta, ɗakin da yake aiki kuma bango uku na kankare ne tsakani, ga gidan haya mai rauta fiye da goma duk suna ihu a zangon Wi-Fi ɗaya na 2.4 GHz. Kuɗin jawowa biyu ya kashe a kan ciwon da waya ɗaya daga falo zuwa ɗaki za ta warkar. Naka ba wannan ba ne tunda ɗaukewa yake yi gaba ɗaya, amma ka riƙe wannan don gaba: duk lokacin da za ka gwada kamfani, ka gwada shi da waya a jone, ko kana tsaye kusa da rauta a zangon 5 GHz, ba daga ƙuryar ɗaki ba.

To yaya za ka san gaskiyar sabon kamfanin? Gani ya kori ji, kuma a nan mu Hausawa muna da abin da wasu ba su da shi: mun san juna. Bayan sallar Magariba ka tsaya a ƙofar masallaci ka yi tambaya. Ka je wajen mai POS na bakin layi, da mai kemis, da yaron nan mai shagon buga takardu, domin su ne intanet yake ɗaukewa su ji a jikinsu nan take. Ka nemi mutum uku ko huɗu da suka yi aƙalla wata shida da kamfanin, waɗanda suka ga damina da shi. Kada ka ce musu "yana da kyau?", kowa zai ce maka ba laifi. Ka ce: yaushe ya ɗauke na ƙarshe, kwana nawa ya yi, da ka kira wa ya ɗauka, an mayar maka da kwanakinka ko ba a mayar ba? Sannan ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya bar ka ka gwada gudun da wayarka da misalin ƙarfe tara na dare, ba da rana ba. Idan kamfanin sabon shigowa ne layinku, ba wanda ya daɗe da shi, ka sani watannin farko kullum daɗi ne saboda mutane ba su cika ba. Kai ma ka ce naka da farko lafiya lau ne.

Sai maganar "kyauta". Jawo faiba yana cin kuɗi: waya, akwati, ma'aikata, wani lokaci har da izinin tona hanya, wanda a Legas hukumar LASIMRA ce take kula da shi. Wanda ya ce maka kyauta ne, ta wata ƙofar zai karɓa, kuma ba laifi ba ne in dai ka san ƙofar. Galibi ko dai a ce ka biya wata uku ko shida a dunƙule, ko a ce kyautar ta tsaya a mita kaza na waya, abin da ya haura ka biya, ko kuma akwatin nasu ne, ranar da ka bari za su zo su ɗauka. Ka tambayi duk waɗannan a rubuce, ko da a WhatsApp ne, daga lambar kamfani ba ta ɗan talla ba. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5. Ka tambaya ko farashin talla ne na 'yan watanni, kuma nawa zai koma bayan nan. Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin sadarwa har zuwa kashi 50 a watan Janairun 2025, bai kamata kowa ya ɗauka farashin yau shi ne na baɗi ba. Ka tambayi kalmar nan da suke so, wai "ba iyaka": akwai adadin da in kun kai a wata za a rage muku gudu? In akwai, nawa ne, kuma zuwa nawa za a rage? Gidan da yara suke kallo kullum yana iya cinye gigabayit ɗaruruwa a wata ba tare da kowa ya lura ba. Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ta kawo ka: in ya ɗauke kwana uku daga ɓangarenku, kuna mayar mini da kwanakina? Wanda ya yi ta kame-kame a nan ya riga ya ba ka amsa. Shawarata, ko da za ka biya kuɗin jawowa, ka zaɓi biyan wata-wata da farko. Araha ba ta ado, kuma wanda ya biya wata shida a gaba ya miƙa wa kamfani sandar da zai kore shi da ita.

Wani abu kuma, ba laifin kowane kamfani ba ne kai tsaye, amma yana bambanta su. Intanet ɗin Legas yana shigowa ne ta manyan wayoyi na ƙarƙashin teku: MainOne da Glo-1 tun 2010, WACS da ACE a 2012, sai Equiano ta Google da ta iso a 2022, da 2Africa bayanta. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka lalace a tekun da ke gaɓar Kwaddibuwa, har bankuna suka ji a jikinsu. Waɗanda suke saye daga hanya fiye da ɗaya sun farfaɗo da wuri, masu hanya ɗaya suka daɗe a kwance. Ka tambaya ko suna da mai ba su fiye da ɗaya, kuma ko suna jone da IXPN, cibiyar da kamfanonin ƙasar nan suke musayar bayanai a tsakaninsu ba sai an zagaya Turai ba.

Yanzu sauyawar kanta. Kada ka kwatanta ta da sauya layin waya, inda tun 2013 mutum yake iya ɗaukar lambarsa ya koma wani kamfani. Ba kuma irin ta Ingila ba ce, inda kamfanoni da yawa suke hawa waya ɗaya, sabon ya sallami tsohon a madadinka. A nan sauyawa sabon jawowa ne daga tushe: sabuwar waya, sabon huji a bango, sabon akwati, domin akwatin wani kamfani galibi ba ya karɓar hasken wani. Kuma tsohon ba zai san ka tafi ba sai ka gaya masa. Tunda gidan haya kake, fara da mai gida ko kiyateka, ka sami izininsa kafin ma'aikata su iso da tsani. Na sha ganin an zo aiki an koma saboda ba a yi wannan ba. In unguwarku tana da ƙungiyar masu gidaje ko geti mai tsaro, su ma a sanar da su, don a wasu rukunin gidaje akwai yarjejeniya da kamfani ɗaya.

Babban abin da nake roƙonka shi ne kada ka saki reshe ka kama ganye. Kada ka bar tsohon ya ƙare sai sabon ya shigo ya yi aiki. An sha ce wa mutum "cikin kwana uku za mu jawo", ya biya, a yi mako uku ana cewa akwatin rabo ya cika ko ana jiran izini. Ka shirya yadda biyun za su haɗu na mako biyu zuwa wata guda. Na san biyan kuɗi biyu a wata ɗaya yana da nauyi a wannan zamani, amma ka auna shi da mako guda ba aiki, Hajiya ba ciniki. A wannan tsakanin ka riƙa gwada su biyun a lokaci ɗaya, safe da dare, kana rubutawa. Kuma damina da kake kuka da ita, ita ce lokacin da ya fi dacewa da wannan gwaji, don a rani kowa gwani ne.

Ranar jawowa ka kasance a gida da kanka. Kai za ka nuna inda za a sa rauta: tsakiyar gida, a sama, a fili, ba bayan firji ko cikin durowa ba, kuma ba inda ya fi wa ma'aikaci sauƙi ba. Ka sa ido a kan yadda aka bi da wayar, kada a lanƙwasa ta lanƙwasa mai tsini, kada a buga mata ƙusa ta matse, kada a bar ta tana lilo a inda mota mai tsawo take wucewa, kuma inda za ta bi ta silin ko bakin taga a sa ta cikin bututun roba. Kafin su tafi ka ce su auna maka ƙarfin haske da mitarsu. Lambar tana zuwa da alamar ragi a gabanta. In ta faɗo tsakanin -15 da -24, madalla. In ta kai -27 ko ta wuce, kana bakin rami ne, yau zai yi aiki, amma ƙura kaɗan ko ɗan lanƙwasa zai kashe shi. Ka ce su sake haɗin ko su nemo inda hasken yake zuba. Ka ɗauki hoton mitar, ka karɓi rasit da lambar asusunka da lambar kiran gyara ta kamfani. Sannan wata 'yar dabara: ka sa wa sabuwar rauta suna da kalmar sirri iri ɗaya da na tsohuwar ranar da za ka kashe waccan, duk wayoyin gida da talabijin za su hau da kansu. In kana da kyamarar tsaro da kake kallo daga waje, ka gwada ta tun suna nan, don wasu kamfanonin suna haɗa gidaje da yawa a adireshin intanet ɗaya, wasu na'urorin kuma ba sa jituwa da hakan.

Wuta kam ka san halinta. Faiba ba ta ɗauko lantarki, in NEPA ta ɗauke akwatinka ya mutu ko da haske yana isowa. Akwatin da rauta duka ba su cika wuce wat ashirin ba, galibi a bolt 12 suke aiki, don haka ɗan ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa a Computer Village ko Alaba zai riƙe su sa'o'i, ya kuma hana su mutuwa da tashi duk lokacin da aka juya zuwa janareta. Kuma duk kamfanin da ka ɗauka, mai aiki daga gida a Legas yana buƙatar abin jingina: layin data na wani kamfani daban, ko rautar 5G in tana kamawa a wajenku. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam da ta shigo Najeriya a Janairun 2023, ba ruwanta da katafila, amma kuɗin kayanta da na wata sun fi ƙarfin a ajiye ta don jiran ko-ta-kwana a gida irin naka, ga shi kuma tana son sarari a rufi, wanda ɗan haya a hawa na biyu ba lallai ya samu ba.

Kwanakinka da suka tafi kuma kada ka yafe su da sauƙi. Ka rubuta wa kamfanin ƙorafi, ka jera ranakun da ya ɗauke, ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su yi komai ba, ka kira 622, layin NCC ne na masu ƙorafi kuma kyauta ne, za su nemi wannan lambar. Sau da yawa da kamfani ya ji ka ambaci tafiya, ga kuma lambar ƙorafi a hannunka, sai ka ga an turo babban injiniya an sake maka waya.

In ni ne kai, ga yadda zan yi: a makon nan zan rubuta wannan ƙorafin, in gano ko wayata ce ko ta layi duka. In tawa ce, su sake ta, in ba su wata guda. In ta layi ce kuma maƙwabta sun shaida sabon yana gyara da wuri, wayarsa kuma ta biyo wata hanya daban, zan jawo shi a kan biyan wata-wata, ƙaramin tsari ba babba ba, in haɗa su biyun na ɗan lokaci. Ranar da ka yanke shawarar barin tsohon, ka sanar da su a rubuce, ka cire katinka na banki daga manhajarsu ko ka soke umarnin cire kuɗi kai tsaye, in akwatin nasu ne ka mayar ka karɓi shaidar mayarwa. Wayarsu da take jikin bango kuwa kada ka yanke ta. Ka rufe kanta da murfinsa ko leda mai tsabta don ƙura, ka naɗe ta a hankali ka rataye, ka tambaye su wata nawa asusu yake yi a kwance kafin su cire shi daga akwatin rabo su ba wani gurbin, don in sabon ya canza hali bayan wata shida, kiran waya ɗaya da kuɗin wata ɗaya ne za su dawo maka da tsohon.